Ƙarfe Biyu a Dilimi

Da hantsi ta sauko daga keke a Dilimi,
Ngo Kachollom, tun daga Zawan,
da kan injin ban-ruwa cikin buhun taki.
Kwana uku, ta ce, kabejinta bai sha ba,
ga tafkin kuza a gefen gona ya cika fal,
sai kallo.

Oga Sallau ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da sifana,
ya kasa kunne.
"Wannan kas ne, ƙarfen zubi.
Kunnen da za mu ɗora masa kuwa sitil ne.
Ba nono ɗaya suka sha ba."

Ni har na jawo wayar walda.
Ya take ta da ƙafa.
"Haka ka yi wa injin markaɗen Iya Ramota bara,
ba ta kai bakin titi ba ya ce ƙas.
Kas ba ya son tsawa.
Fuskarsa ta dutse, zuciyarsa ta tulu."

Sai ya ba ni zarto.
Na goga, na goga, baƙi na zuba kamar bakin fensir,
na fafe bakin karayar har ya yi kwari,
na ƙone tsohon mai da ya sha shekaru a jikinsa.
Tagulla 'yar tsafta ce, in ji oga,
ba ta kwana inda dauɗa take.

Muka ɗora shi kan gawayi ya sha ɗumi tukun,
a hankali, yadda ake gaida mai fushi.
Kabayid na tafasa a tanki,
warinsa kamar tafarnuwar da ta ruɓe.
Ya murɗa, ya murɗa, harshen wuta ya koma shuɗi,
ya ba kas kaso biyu, sitil kaso ɗaya,
don shi sitil ba ya da wuyar hawa.

Da ja ya fito, ba jan wuta ba,
jan goron da aka tauna,
ya tsoma sandar tagulla a hodar sinadari,
ya taɓa.
Ta narke.
Ta bi kwarin kamar zuma a bakin ƙwarya,
ta shiga inda idona bai kai ba.

Na duba: kas bai narke ba.
Sitil ma yana nan yadda ya zo.
Ta uku ce ta narke dominsu.

Ngo ta miƙo robar ruwa, wai a sanyaya, rana na yi.
Oga ya riƙe hannunta.
Ya tona tudun toka, ya binne shi da zafinsa.
"Sai gobe, Mama."
Ta kwance bakin zani, ta ƙirga kuɗin mota,
ta yi wata magana da Birom
wadda ban ji ba, amma na gane.

Da safe ni na tono shi.
Har yanzu da ɗan ɗumi, kamar ƙwai a ƙarƙashin kaza,
ga zare mai ruwan zinariya tsakanin baƙi da baƙi.
Ta kankara da farce. Ta buga da dutse.
Ta rage ɗari biyar a ciniki.

Bayan wata guda yaro ya kawo kabeji uku.
Oga ya ɗauki biyu.
Nawa na ci da ƙuli,
ina kallon wayar waldar nan a rataye.