Ɓera na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare, bayan Ƙofar Ƙaura.
Janareta na tari, Malam Barau na gyangyaɗi,
saura ni da ɓera na goma sha bakwai.

Na yi masa allurar barci,
na buɗe ƙeyarsa kamar mai ɓare ƙwai.
Ga ƙaramar ƙwaƙwalwa, ninki bisa ninki,
kamar zanen da ya daɗe a adaka.

Na zura waya, gashin jariri ya fi ta kauri.
Lasifika ta ɗauka:
tas-tas-tas-tas,
gyaɗa a kasko,
ƙwayar jijiya guda tana zuba, ko yawu ba ta haɗiya.

Sai na taɓa can ƙasa, a kututturen ƙwaƙwalwa,
wani ɗigo da littafi ya kira shuɗi.
A mutum, ka ce marini ne ya yarfe yatsa;
a ɓera, sunan kawai ya gada.
Sarkin surutun nan ta lafa.
Ba tsawa, ba bulala,
irin shirun yara in Inna ta yi gyaran murya daga ɗaka.

Na matsa inda suke kira zaitun.
Daga nan igiya ɗaya tak ke hawa,
ta nannaɗe ƙwayar kamar yaɗiya a jikin aduwa,
jifa-jifa ta girgiza ta:
ba haka ba, sake.

Babana tela ne a Rafindaɗi.
Shekara arba'in yana zura zare ba tabarau,
bara jini ya ɓalle masa a wannan kututture.
Yanzu hannu ya nufi kofi, ya zarce,
ya dawo, ya sake zarcewa,
koko ya sauka a gaban riga.
Sai ya yi dariya:
"Lantana, hannun nan ya daina jin magana."
Ban iya gaya masa ba,
hannu na nan da kunnensa,
mai faɗa masa ne aka yanke wa hanya.

Ladan ya yi kiran farko.
Malam Barau ya miƙe, yana laluben takalmi:
"Ya yi magana kuwa?"
Na ce ya yi.
"Me ya ce?"
Na nuna masa layin da ya hau, ya faɗi, ya hau.

Wannan ɓeran ba zai farka ba, na sani tun jiya.
Na shafa wutsiyarsa, na ce ya yafe,
na rubuta lambarsa da tawada.

Da hantsi zan biya Rafindaɗi.
Ni ke riƙe gindin kofin yanzu,
shi yana riƙe da kunnen.