Kujerar Arzika

Igiya ce ta tsinke.
Gaba goma sha biyu ya faɗa
cikin rijiyar da yake haƙa wa mutanen ƙauye.
Aka fito da shi da salati a baki,
ƙafafun kuwa sun yi shiru har yau.

Yayana Arzika,
wanda bai taɓa zama ya ga ƙarshen shayi ba,
yanzu zama ne sana'arsa.

Ni faci nake yi a bakin tashar Ƙonni, nan Tawa.
Na san iska, na san roba,
sai na ɗauka na san zama.
Na hura tub ɗin ƙaramar taya,
na naɗe shi da tsohon rawani,
na ce: Yaya, hau, sarauta ta samu.
Ya yi dariya.
Kwana tara muna dariya.

Ran na goma, ina sauya masa wando,
na ga wuri a kan ƙashin zama,
faɗinsa kamar dala ashirin,
ya fi sauran fata duhu,
da ɗumi irin na gindin buta.
Na danna. Bai ce wayyo ba.
Rashin wayyon nan shi ya hana ni barci.

Malama Tsahara ta likitar unguwa
ta zo bayan la'asar, ta ɗaga tub ɗin da yatsa biyu
kamar mai ɗaga mushen ɓera.
Ta ce: Nomau, zoben nan datse jini yake,
ka yi wa gyambo shinge, ka ce masa zauna.
Fatar da ba ta ji ba ta kuka,
kai ne bakinta yanzu.
Kada ka murza. Kada ka zuba toka.
Wanke, tsane, rufe,
kuma kada ya sake zama a kan wurin nan
sai ya rufe bakinsa.

Sati biyar yana kwance, gefe zuwa gefe,
ina juya shi kamar masa a tanda,
matashi tsakanin gwiwoyi,
diddige a sama, ba ya taɓa katifa.
Yana zagina cikin dare, da asuba ya sa mini albarka.

Illo kafinta ya auna shi kamar mai ɗinkin sallah.
Katako shimfiɗe a ƙasa, kada kujera ta lotsa,
soso mai kauri, an rage wajen ƙashi,
zanen auduga, ba leda ba, saboda gumin bazara.
Taki a ƙarƙashin ƙafa,
cinya ta ɗauki rabonta na nauyi.
Jaka shida. Na biya huɗu,
sauran ya ce rijiyar gidansu Arzika ya haƙa.

Yanzu muna da agogo.
Duk akuyar da ta leƙo zaure, ya karkata dama.
Rediyo ya sauya magana, ya karkata hagu.
Mai kunu ta wuce, ya dafa hannuwa ya ɗaga jiki,
hannuwan nan da suka fasa dutsen Adar
suna rawa, yana ƙirga: ɗaya, biyu, har talatin.
Wata rana ya manta. Wata rana ni na manta.

Na ciro madubin tsohon moto na ba shi.
Safe da dare yana duba bayansa da kansa,
ya ce bai taɓa sanin yana da wannan ƙasar ba.
Wake, ƙwai in an samu, nono, ruwa cikin gora.

Jiya tabon ya koma kamar ƙwayar gero.
Yaro ya zo daga Garkawa, tambayar inda za a sa diga.
Arzika ya gyara zama, ya ce a kawo ƙasar wurin a tafi.
Ya shinshina. Ya murza.
Sai akuya ta leƙo.
Ya ce wa yaron: dakata,
ya karkata dama.