Wa Ya Sace Wa Bappayo Ɗa?

Shagona yana Jekadafari, jikin na mai walda.
Fanka ɗaya, kwamfuta ɗaya, kujera biyu,
ɗayar na ɗaure mata ƙafa da waya.
A nan nake zana wa mutanen Gombe sunayensu
kafin su manna su a kwalba, a buhu, a goshin rumfa.

Manhajar farko da murmushi ta zo:
kwana goma sha huɗu kyauta, in ji ta,
amma fara ba ni lambar katinki.
Mai kilishi in ya miƙo maka ɗanɗano
ba ya sa ɗaya hannun a aljihunka,
na san haka.
Launinta ne ya ruɗe ni,
shuɗin nan kamar ruwan Dadin Kowa da hantsi.

Ran na tara Bappayo ya yi sallama,
hula a hannu, ƙamshin suya a riga,
yana son takardar kwalba ɗari biyar:
Man Gyaɗa Tsantsa, Daga Kumo.
Na buga. Gya ta fito, wasalin ƙarshe ya fito,
tsakaninsu wani akwati fanko
kamar giɓi a bakin yaro.
Ya duƙa, ya ƙura ido, ya ce,
Dudu, wa ya sace mini ɗa?

Na rubuta musu.
Amsa ta iso kafin in ɗaga yatsa,
saurin da ke nuna babu kowa a gidan:
mun karɓi saƙonki, kina da muhimmanci a wurinmu.
Na sake, sau uku.
Muhimmancina bai ƙaru ba, bai ragu ba.
Ran na sha biyar, ƙosai na bakina,
waya ta yi tsuwa: an cire,
da dala, a canjin ranar, ba ko sallama.

Ta biyu ba ta da kwalliya sosai.
Ba ta tambayi kati ba, ta ce shigo ki gani.
Na shiga da ƙafar hagu, ina harare.
Akwatin nan ya biyo ni har can.
Ƙarfe ɗayan dare da aka kawo wuta
na tura ƙorafi, don dai in huce.

Da asuba sai ga mutum.
Sunansa har yau harshena bai iya ɗauka ba.
Ya ce, wannan lanƙwasar da ke kan harafin,
ado ce ko tana da aiki?
Na gyara zama.
Na ce, cire ta ka ga baƙi ya koma baki,
wadda ke ɗaka ta koma daka,
ƙafa ta rasa abin takawa.
Ya ce, ban sani ba, yanzu na sani.
Yau ba zan iya ba, ki ba ni zuwa Alhamis,
na ƙara miki mako, kar kwanakinki su tafi a jira.

Alhamis ta wuce shiru.
Na ce, to, duk kanwar ja ce.
Juma'a kafin in buɗe shago
shi ya fara rubutowa, yana ba da haƙuri.
Asabar ɗa ya dawo gida
da 'yar ƙugiyarsa a ka.

Na biya na shekara, hannuna na rawa,
kuɗin ya kai na sabon taya biyu.
Mai walda ya leƙo, tabarau a goshi,
ya ce, kin yi cinikin biri a sama,
abin da ba ki iya riƙewa a hannu?
Na ce, Malam Buba, ran da walda ta ɓalle
wa mutane ke komawa nema,
ƙarfen ko kai?

Bai amsa ba.
Ya ɗauki kujerar nan mai waya a ƙafa
ya fita da ita.