Hanci Ba Ya Baƙunta

Kwana tara da saukata Palermo,
taswirar waya ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita.
Ta ce in bi dama. Dama bango ne,
a samansa shanya,
wandon wani tsoho na ɗiga mini ruwa a ƙeya.
Na kashe ta, na sa aljihu.
Baƙo makaho ne ko da idonsa,
amma hanci ba ya baƙunta.

Shi ya ja ni Ballaro,
kasuwar da ake kuka da farashi.
Mai kifi ya kama wasali ɗaya ya ja,
na wuce rumfa uku bai sake shi ba.
A teburinsa kan wani kifi mai takobi a baki
yana duban sama, ba gangar jiki,
har yanzu bai yarda an ci shi da yaƙi ba.

Nunziya na suya a bakin kwana,
hannunta duk tabon mai.
Panelle, in ji ta, ta nuna da matsami.
Na duba: ƙanen ƙosai ne da aka yi wa guga,
falle-falle, siriri, ba yaji.
Ta cusa biyar a burodi mai riɗi,
ta matse lemon tsami kamar tana murɗe kunnen jika.
Na miƙa takardar yuro hamsin.
Ta dube ta, ta dube ni, ta kira sunan wani waliyyi,
ta soke kuɗin a ƙirji, ta kore ni da hannu.
Na tafi ina tauna, ina lissafin asara.

Gaba kaɗan Gaspare da karkatacciyar tukunya,
saifa da huhu na iyo a kitse.
Yawuna ya tsinke. Na nuna man, na ɗaga gira.
Ya tura hancinsa sama da yatsa, ya yi gurnani.
Na ja da baya.
Bai ji haushi ba, ya dafa ƙirji,
ya nuna mini hayaƙi a tsallaken titi,
ya ce: Meee!
Da yaren dabbobi muka gama fatawa.
Can hanjin rago ne naɗe a ganyen albasa,
gishiri, garwashi, shi ke nan.
Na yi bisimilla. Na ƙona harshe.

A wani lungu allon suna na da rubutu uku,
na ƙasan daga dama ya faro.
Na karanta shi a fili, ni kaɗai,
wata mage ce shaida.

Kalsa da la'asar:
gida ba rufi, ɓaure ya leƙo ta taga ya zama mai gida,
tsofaffi huɗu na karta a kan akwatin lemo,
babur ya wuce da uba, da ɗa, da katifa.
Sai teku.
Ni ta sama na zo, da hatimi a fasfo.
Yaron da ya sayar mini da ruwa, Alaji daga Banjul,
ya juya wa tekun baya yake ciniki.
Ban tambaye shi ba.

Da magariba na ɓace sau biyu,
ɓata na uku ya mai da ni kwanar Nunziya.
Tana kankare kasko.
Ta ƙwala mini kira da sunan da ba nawa ba,
ta zaro ƙullin takarda mai maiƙo:
arba'in da bakwai da rabi, cif,
da guntun panelle da ya huce.
Ta yi faɗa mai tsawo, na gane kalma ɗaya:
domani.
Gobe.

Har yau ban riƙe sunan titinmu ba.
In ka zo nemana,
wuce mai kifi, bar hayaƙi a hagunka,
inda albasa ta fara ƙonewa ka ƙirga ƙofa uku.
Akwai wando a sama. Kauce wa ɗigon.