Kashi Ɗaya Cikin Ɗari

Ta tagar ɗakin gwaji a St Austell
ina hango tudun da mahaƙa suka tara,
ciyawa ta fara cin farinsa daga gindi.

Farar ƙasa ce sana'ar garin.
Mu kuwa niƙa ta muke, har ta fi kwalli laushi,
mu zuba ta cikin narkakkiyar roba
don ƙyauren mota ya yi ƙwari, ya yi araha.

Sai dai su biyun ba sa ga-maciji.
Ƙasa 'yar danshi ce,
roba jinin mai gare ta.
In ka haɗa su, gari ya dunƙule gefe guda
kamar kunun da aka dama ana sauri.

Ran Litinin Morwenna ta ɗaura sanda ta bakwai a injin ja.
Lamba ta hau, ta hau,
ƙas!
Tun ba a je ko'ina ba.
A ƙarƙashin madubi, bakin karayar duk ramuka ne,
gurbin ƙwayoyin da suka kwana a gidan
suka fice ba sallama.

Sai muka yi wa garin wanka da silen,
kashi ɗaya cikin ɗari, ba ƙari.
Abu ne mai hannu biyu:
ɗaya ya damƙi dutse, ɗaya ya cusa yatsu cikin roba.
Na taɓa zarce awo, don zumuɗi,
ya bar aikinsa ya rungumi 'yan'uwansa,
sandar ta fi ta jiya rauni.

Babana magini ne a Rano.
Yakan jiƙa makuba kwana biyu
kafin ya shafe katanga,
hannunsa ja har gwiwa, ba ya magana.
Bai san silen ba.
Da ya ga wannan tukunya tamu mai juyawa
da ya sa yatsa, ya shinshina,
ya ce a ƙara mata dare ɗaya.

Mun ƙara.

Yau sanda ta sha biyu ta miƙe, ta yi fari a ƙugu,
ta yi ta gardama da injin
kafin ta saki.
Morwenna ta rubuta lambar, ta ja layi biyu a ƙasa,
ta turo min shayi, madara ta yi yawa kamar kullum.

Damina huɗu ke nan ina shan sa haka.
Waje ana yayyafi,
farar ƙasa na nan cikin farcena,
sabulu ya gaza.