Ƙyaure a Rufe, Mu Biyu

A Gidan Nomau, gabas da Gani,
inda cocinmu ke da kwano rabi, ciyawa rabi,
ni ake miƙa wa Littafi ran Lahadi
in fasto bai samu man babur ba.

Na karanta musu cewa mai addu'a
ya shiga ɗaki, ya ja ƙyaure, kada ido ya gan shi.
Sai Baba Dogara ya yi tari daga bencin baya,
ya ce, "Barnaba, ni ɗakina asabari ne,
shi ma akuya ta cinye gefe ɗaya."
Aka yi dariya. Ni ban yi ba,
don na san ganye kaɗan in an juya gaba
an ce biyu ko uku in sun haɗu
Ubangiji na zaune a tsakaninsu.
To in kulle ne, ko in kira maƙwabta?

Mako ya zagayo, gero ya nannaɗe ganye,
kwana sha tara hadari na haɗuwa yana watsewa.
Na karanta musu kada a cika surutu,
Uba ya san buƙata tun baki na rufe.
Da dare, da tocila a haƙorana,
na iske wata gwauruwa a ƙofar alƙali,
ta yi ta naci har ya gaji ya saurare ta,
aka ce mu ma haka, ba dare ba rana.
Na sa tsinken tsintsiya a wurin,
na kwanta, barci ya ƙi.

Duk wannan wasan ƙwaƙwalwa ne
kafin zazzaɓi ya kama Tabita.
Shekararta huɗu, tana kiran kwaɗo "kado".
An ce mai roƙo za a ba shi.
Na roƙa a ɗaki, na roƙa a coci,
na roƙa a bayan babur, hanyar Sumaila,
kanta na ƙona mini ƙirji ta cikin riga.
Ran Alhamis muka haƙa bayan kuka.

Wata guda ban taɓa Littafin ba.
Da na buɗe, kamar da gangan,
ga manzon da ya roƙi a cire masa ƙaya
har sau uku, aka bar masa ita.
Ga Mai Ceto da kansa a lambu, cikin dare,
yana neman ƙoƙon ya wuce shi.
Bai wuce ba.

Na kai wa Inna Tsahara ƙara.
Tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba.
Ta ce, "Ni baƙi bai san ni ba, ban san shi ba.
Amma tara na haifa, huɗu na ƙasa.
Akwai ranar da na yi ihu har ruga ta ji,
akwai ranar da 'uhm' kawai ya fito,
kuma ban san wacce ta fi isa sama ba.
Kai da kake noma,
da sungumi kake girbi?"
Ta watsa ɓawon ga kaji,
ta ce in miƙo mata faifai.

Ban ce ta warware mini ba.
Ƙullin na nan, ina jin sa in na haɗiyi tuwo.

Jiya dai na shiga ɗaki,
na ja ƙyauren langa-langa har ya yi ƙara,
na durƙusa inda tabarmarta take a da.
Kalma ta ƙi zuwa. Na bar ta.
Can sai na ji tari a waje, tarin da na sani:
Baba Dogara ne a kan turmi,
bai yi sallama ba, bai ƙwanƙwasa ba.
Ƙyaure a rufe, mu biyu.
Muka daɗe a haka.
Ta gabas ana walƙiya,
ruwan dai bai sauko ba tukuna.