Takardar Tsiren Mantau

A bakin titin Kakuri, gab da isha'i,
inda masaƙa ta daina numfashi tun shekarun baya,
Mantau ya barbaɗa yaji, ya yanka albasa,
ya yago shafi daga wani littafi marar bango,
ya naɗe mini tsiren ɗari biyar a cikin jamhuriya.

Na zauna kan benci, na warware takarda.
Mai ya ratsa ta, har ina hango fitila ta cikinta.
Shafi na ɗari da sha biyu. Faransa. Ta uku ce, in ji shi.
Ashe su ma sun ƙona ta fari, sun kifar da ta biyu,
kamar yarinya mai koyon tuya.

An kama sarkinsu a fagen fama,
gari ya waye, kujera ba mai ita.
Abokan gaba suka yi wa birni zobe, sanyi ya sauka,
aka ci doki, aka ci ɓera,
aka shiga gidan namun daji aka yanka giwa biyu.
Na dubi tsinken da ke hannuna, na rage tauna.
Da baƙi suka ja da baya,
sai 'yan gari suka juya wa juna bakin bindiga,
mako guda jini na bin kwata har safiya.

Can a zauren shawara aka zo raɗa wa jaririyar suna.
Ta sha da ƙyar, da rinjayen mutum ɗaya.
Da a ce tari ya kwantar da shi ran nan,
ko dokinsa ya yi tuntuɓe a hanya...
Nan yaji ya cinye layi uku.

Washegari na koma.
"Malam, nama kake so ko karatu?" in ji Mantau.
Na ce haɗa mini, da albasa.
Ya ba ni shekara ashirin a ƙunshi ɗaya:
gwamnati na faɗuwa kamar mangwaro a iskar bazara,
kafin a san sunan wannan, wancan ya ɗaure kaya.
Duk da haka ɗan manomi ya shiga aji ba ko anini,
uwarsa kuwa ba ta da ƙuri'a, sai dai ta dafa miya.
A goshin kowane gini an sassaƙa kalma uku:
'yanci, daidaito, da zama 'yan uwa ɗaya.

Nan na tuna kakana Nomau, mutumin Tasawa.
A kafaɗarsa akwai kanta, baƙa, kamar gwiwar raƙumi,
ta dakon dutsen hanyar da bai taɓa hawa mota a kanta ba.
Daren da aka zo ƙirgar samari ya sulale,
da gora da sanda, ya ɓullo ta Jibiya,
ya ƙare yana loda gawayi a tashar jirgin Kaduna.
Ya san harajinsu, ya san dorinarsu,
ya iya ƙirga ɗaya zuwa goma da bakinsu.
Kalmomi ukun nan dai ba su ƙetaro teku ba,
ko sun ƙetaro, raƙumi ya zubar da su a rairayi.
Na duba gaba, na duba baya,
ba Nomau ko a ƙasan shafi.

Rannan na ce, "Ina ƙarshen?"
Mantau ya nuna garwashi da wuƙa:
"Jiya itace ya jiƙe, da shi na hura."
Sai daga baya wani malamin Barnawa ya gaya mini:
shekara saba'in ta yi, yaƙi ya sake cin gari,
wakilanta suka taru a garin wanka,
suka ɗaga hannu, suka miƙa ta da kansu.
Da ƙuri'a ta shigo, da ƙuri'a ta fice duniya.

Na bi ta kan gada, kogi ya cika yana ta tafiya.
Na ninke shafin nan mai maiƙo gida huɗu,
na cusa a aljihun da katin zaɓena yake.
Har yau in na ciro katin, ƙamshin ƙuli yake yi.